Civic ta 2019 da rigimar injinta: mai turbo ko marar turbo?

A watan Agustan 2018 kamfanin Honda ya fito da hotunan Civic ɗin da zai sayar a Amurka a matsayin samfurin 2019. Motar ba sabuwa ba ce fil. Al'adar kamfanonin mota ce idan samfuri ya kai shekara uku a kasuwa su yi masa kwaskwarima, su taɓa fuska, su sauya wili, su ƙara wasu 'yan na'urori a ciki, domin ya iya jure wasu shekara biyu ko uku kafin magajinsa ya iso. Wanda bai san mota ba, idan aka jera masa ta 2018 da ta 2019, sai ya zagaya su sau biyu kafin ya gano bambanci. An mayar da farin ƙarfen da ke gaban motar baƙi mai sheƙi, an gyara ƙasan bamba, an ƙara abin da ke hana ƙarar titi shiga ciki. Abin da ya fi faranta wa masu motar rai ma ƙarami ne ƙwarai: an dawo da maɓallin murɗa sautin rediyo, wanda aka cire a 2016 aka maye gurbinsa da shafa gilashi, mutane kuma suka yi ta ƙorafi shekara uku cur. Sannan na'urorin tsaro na Honda Sensing, irin su taka birki da kanta idan za a yi karo da tsare mota a layinta, sun zama na kowane aji na gama-gari, har da mafi araha wanda kuɗinsa bai kai dala 20,000 ba.

Duk da haka, mahawarar da ta biyo baya tsakanin masu sha'awar mota ba ta tsaya a kan fuska ko maɓalli ba. Ƙarƙashin bonet ta nufa, inda Honda ba ta canza ƙarfe ko ɗaya ba. Kuma na ga ya dace a warware ta da Hausa, saboda motocin da aka yi wannan musu a kansu su ne yanzu ke sauka a tashoshin jiragen ruwa na Legas da Kwatano, su ne dillalai ke wankewa suna jerawa a Abuja da Kaduna da Kano. Amurkawa sun sayi Civic sama da 300,000 a kowace shekara a wancan lokaci. Kaso mai tsoka na abin da suka gama da shi wajenmu yake ƙarewa, tare da alherinsa da cutarsa.

Sai an ɗan koma baya za a gane dalilin da ya sa Honda ta shiga harkar turbo. Civic ta 2012 ta sha suka irin wadda kamfanin bai saba ji ba. Mujallar Consumer Reports, wadda Amurkawa ke dubawa kafin su sayi kaya, ta cire ta daga jerin motocin da take ba da shawarar a saya, ta ce cikinta ya yi arha, tafiyarta kuma ta koma baya. Dole Honda ta yi mata gyaran gaggawa bayan shekara ɗaya kacal. Saboda haka da aka zo kan zubi na goma, wanda ya shiga kasuwa a ƙarshen 2015 a matsayin samfurin 2016, kamfanin ya zuba duk ƙarfinsa, ya sake komai daga ƙasa har sama. Haƙarsa ta cim ma ruwa, domin motar ta lashe kambun motar shekara ta Arewacin Amurka a 2016. Ga kuma matsin gwamnatoci. A 2012 gwamnatin Obama ta kafa ƙa'idar da ke tilasta wa kamfanoni rage shan man motocinsu shekara bayan shekara har zuwa 2025. A ƙasar Sin kuwa, daga watan Oktoban 2015 an rage harajin sayen mota da rabi ga duk wadda injinta bai wuce lita 1.6 ba. Kowane kamfani ya shiga neman hanyar da ƙaramin inji zai yi aikin babba.

Daga nan Civic ta fito da inji biyu a Amurka. Na farko mai lita 2.0 ne, lambarsa K20C2, ba shi da turbo, ƙarfinsa doki 158. Iska yake shaƙa da kansa kamar yadda injinan da muka saba da su suke yi, nozul ɗinsa kuma a bakin ƙofar silinda yake fesa mai, mai da iska su gauraya kafin su shiga. Na biyu mai lita 1.5 ne, lambarsa L15B7, da turbo, ƙarfinsa doki 174. Ƙaramin ya fi babban ƙarfi, ke nan. Sirrin yana cikin turbo ɗin: hayaƙin da ke fita ta salansa ake sa wa ya juya wata ƙaramar fanka da gudun da ya haura juyi 100,000 a minti ɗaya, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke ɗaya gefen, wadda ke danna iska cikin silinda da ƙarfin tsiya. Iska ta yi yawa, sai a ƙara mai, fashewar ta yi ƙarfi. Kamar maƙeri ne da zugazuginsa: garwashin bai ƙaru ba, amma wutar ta ninka. Wannan injin kuma nozul ɗinsa a cikin silinda yake, kai tsaye yake fesa mai da matsi mai tsanani. A riƙe wannan batu na feshin kai tsaye, domin rigimar duka daga nan ta tsiro.

Wanda ya tuƙa su biyun zai gaya maka cewa tazarar doki 16 ba ita ce labarin ba. Ƙarfin ja shi ne labarin, wato yadda mota ke tura bayanka jikin kujera idan ka taɓa totur. Mai turbo yana ba da dukan ƙarfin jansa tun daga juyi 1,700 a minti, ya riƙe shi har 5,500. Mai lita 2.0 sai ya kai juyi 4,200 kafin ya ba da nasa, kuma nasan bai kai na ƙaninsa ba. A aikace, idan kana bayan tirela a hanya mai layi ɗaya kana son ka wuce, mai turbo da ɗan taɓi ya tafi, mai 2.0 kuwa sai ka taka sosai, inji ya yi kuka, sannan ya miƙe. Ga shi kuma a gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka mai turbo ne ya fi tsimin mai: kusan kilomita 15 a lita ɗaya idan aka haɗa tafiyar gari da ta babbar hanya, mai 2.0 kuma kusan 14. Ya fi ƙarfi, ya fi tsimi. A kan takarda babu abin musu.

To, me ya harzuƙa masu sha'awar mota a 2019? Abu biyu. Honda ta ƙirƙiro sabon aji ta sa masa suna Sport, ta ba shi wili mai inci 18, ta fito da salansa ta tsakiyar bamba, ta yi masa baƙin ado, ta kuma ba shi giyar hannu mai shida ga mai so. Sai dai injin da ta saka masa shi ne mai lita 2.0. Mutane suka ce yaya za a kira mota da sunan wasa da gudu a ba ta injin da ya fi rauni, alhali 'yar'uwarta mai ƙofa biyar da ake ƙerawa a Swindon ta Ingila, mai ɗauke da wannan suna na Sport, turbo gare ta mai doki 180? Abu na biyu ya fi musu ciwo. A 2017 da 2018 akwai ajin EX-T, inda mutum zai iya samun turbo haɗe da giyar hannu. A kwaskwarimar 2019 aka soke shi. Duk mai son turbo a mota mai but, sai dai ya karɓi giyar CVT, wato wani nau'in otomatik, ko kuma ya ƙara kuɗi ya hau ajin Si mai doki 205. Ga mutanen da jin daɗin tuƙinsu yana cikin taka kuloci da sa giya da hannunsu, wannan tamkar an rufe musu ƙofa ne.

Ba su kaɗai ne a fagen ba. Akwai tsofaffin masoya Honda, waɗanda tun farko turbo ɗin bai kwanta musu ba. Su sun taso ne da VTEC, dabarar da kamfanin ya fito da ita a 1989, wadda ke sa bawul ya ƙara buɗewa idan inji ya kai wani juyi, sautinsa ya canza, motar ta zabura. Civic Si ta 2006 zuwa 2011, 'yar gidan wadda muke kira I-Robot a nan, injinta yana juyawa har 8,000 a minti kafin ya kai jan layi. Sabon mai turbo a 6,500 yake tsayawa, kuma nau'in da aka saka wa Civic a Amurka ba shi da VTEC ko kaɗan. A wajensu injin yana da ƙarfi amma ba shi da rai. Ina fahimtarsu, domin wanda ya taɓa jin tsohon injin Honda yana hawa sama ya san akwai wani daɗi a ciki da lissafi ba ya kamawa. Amma wannan ƙorafi ne na marmari. Akwai kuma matasa masu gyaran mota don gudu, waɗanda suka rungumi mai turbo hannu bibbiyu, saboda da na'urar kamfanoni irin su Hondata da KTuner za a sake rubuta umarnin kwamfutar motar, a ƙara matsin iska, ƙarfi ya ƙaru ba tare da an kwance ƙusa ɗaya ba. Inji marar turbo ba ya ba da wannan dama cikin sauƙi.

Rukuni na ƙarshe su ne suka fi ɗaukar hankalina, kuma su ne ba a cika jin muryarsu ba a farko: mutanen da ke sayen mota don su riƙe ta shekara goma sha biyar. Su da suka ga ajin Sport da injin 2.0, murna suka yi. Dalilinsu kuwa wani abu ne da ya fara fitowa fili a daidai shekarar da aka yi wannan kwaskwarima.

A lokacin sanyin ƙarshen 2017 zuwa farkon 2018, masu Civic da CR-V (wata motar Honda) masu injin lita 1.5 mai turbo a arewacin ƙasar Sin suka fara lura da abin mamaki. Idan suka zaro sandar gwada baƙin mai, maimakon su ga ya ragu kamar yadda aka saba, sai su ga ya ƙaru, ya haura alamar sama. Idan suka shinshina kuma, warin fetur ne. Ga yadda abin ke faruwa. Injin da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda, idan bangon silindar yana da sanyi, wani ɓangare na fetur ɗin ba ya zama tururi ya ƙone, sai ya manne a bango, ya silale ta gefen zobban fistin, ya gangara cikin kaskon baƙin mai. Kowane inji yana yin haka kaɗan, musamman da safe. A al'ada, da zarar inji ya yi zafi sosai, fetur ɗin da ya shiga zai ƙafe ya koma a ƙone shi. Matsalar wannan ƙaramin inji ita ce tsiminsa ya yi yawa har ba ya saurin ɗaukar zafi. Wanda ke zaune a garin da ƙanƙara ke zuba, yana tafiyar minti goma zuwa wurin aiki ya kashe mota, da yamma ya sake minti goma ya dawo, injinsa bai taɓa kaiwa zafin da zai kori fetur ɗin ba. Kullum ana tarawa, ba a ragewa. Kaskon kuma ƙarami ne, lita uku da rabi kawai yake ɗauka, don haka fetur kaɗan ya isa ya tsinka shi. Baƙin mai idan ya tsinke ya daina kare ƙarfe daga ƙarfe, kamshaf ya fara ci, fulogi ya yi datti, inji ya soma tsallen wuta.

A watan Fabrairun 2018 kamfanin Dongfeng Honda, mai ƙera waɗannan motoci a Sin, ya sanar da shirin kiran motoci kusan 350,000 don gyara. Hukumar kula da ingancin kaya ta Sin ta ce shirin bai wadatar ba, har ta kai an dakatar da sayar da CR-V a ƙasar na wani lokaci. A Amurka da Kanada ma ƙorafi ya taru, Consumer Reports ta bi diddigin maganar a ƙarshen 2018, Honda kuma ta fara gyara daga jihohin arewa masu tsananin sanyi irin su Minnesota da Wisconsin. Gyaran yawanci na kwamfuta ne: a sake saita yadda inji da giya da na'urar ɗumama ciki ke aiki domin injin ya yi saurin zafi. A 2019 ta ƙara wa'adin garanti na wasu sassan injin zuwa shekara shida ba tare da iyakar tafiya ba, ga Civic mai turbo ta 2016 zuwa 2018 da CR-V ta 2017 da 2018, motoci sama da miliyan ɗaya. Daga baya kuma wasu masu wannan dangin inji, musamman masu Accord inda aka ƙara masa matsin iska ya kai doki 192, sun riƙa kokawa da ƙonewar gaskit ɗin saman inji.

Adalci ya sa a faɗi cewa shi ma mai lita 2.0 ba waliyyi ba ne. Shi aka fara kira gyara a farkon 2016, motoci kusan 42,000, saboda wani ɗan zoben da ke riƙe fil ɗin fistin da ba a saka shi daidai ba a masana'anta. Amma wannan kuskuren haɗi ne na wasu 'yan watanni, an gano shi an toshe. Na mai turbo kuwa daga tsarin injin da kansa ya fito. Haka kuma akwai masu turbo da yawa da suka yi tafiya mai nisan gaske ba su ga komai ba, galibinsu masu doguwar hanya ne ko mazauna jihohi masu zafi. Wannan ne ya sa musun ya ƙi ƙarewa: kowane ɓangare gaskiyar abin da ya gani da idonsa yake faɗa, rayuwar motocinsu ce ta bambanta.

Abin da na fahimta bayan bin wannan mahawara shi ne yawancin masu yinta suna magana ne da bakin mai mota na farko. Shi ya saye ta sabuwa, garanti na rufe da shi, garejin kamfani na kusa da gidansa, bayan shekara uku ko huɗu ya mayar ya ɗauki wata. A wajensa turbo riba ce zalla. Mu kuwa mu ne masu mota na uku ko na huɗu. Motar ta zo mana ta riga ta yi tafiyar da ta yi, sau da yawa ta wuraren gwanjon motocin da suka yi haɗari irin su Copart, ba mu san sau nawa aka yi mata juye ba, ba mu san ko an kai ta wancan gyaran kwamfuta ba. Garantin shekara shida ya ƙare, ko da bai ƙare ba ma ba ya tsallako teku. Tambayar da ta dace da mu ita ce wane inji ne zai fi yafe mana kurakuranmu.

Wani zai ce ai matsalar ta sanyi ce, mu kuma zafi ne ya dame mu. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Hunturun Kano ko na Jos, komai tsananinsa, bai kama ƙafar sanyin Minnesota ba, inda awo ke sauka ƙasa da sifili da digiri ashirin. Injin da aka tayar a Sakkwato a watan Afrilu ba zai daɗe bai yi zafi ba. Sai dai muna da wata al'ada da ke ƙirƙiro wa inji sanyin da Allah bai saukar mana ba. Mota tana sauka, abu na farko da wasu makanikai ke ba da shawara shi ne a cire tamostat, wai na ƙasar Turawa ne, a kuma haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa daga tayar da mota har kashe ta. Tamostat ɗin nan shi ne ƙofar da ke tsare ruwa a cikin inji har ya yi zafin da aka tsara, sannan ta buɗe masa hanyar lagireto. Idan aka cire shi, ruwa na zagayawa tun daga farko, inji ya daɗe bai kai zafinsa ba, kwamfuta kuma tana ganin har yanzu da sanyi, sai ta ci gaba da ƙara feshin mai. Tsohuwar Accord za ta jure wannan, illa dai ta ƙara shan mai. A kan injin L15B7 kuwa, ka ɗauko cutar arewacin Sin ne da hannunka ka kawo ta Zariya. Ƙara da ɗabi'ar barin mota tana aiki a tsaye minti ashirin da safe wai tana ɗumi, sannan a yi tafiyar kai yara makaranta a dawo a kashe. Inji a tsaye ba ya saurin zafi kamar inji a kan hanya. Wannan batu na tamostat yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin da kyakkyawar niyya ake yinsa, mai mota ya biya kuɗi a lalata masa inji yana godiya.

Sai baƙin mai. Dukan injinan biyu 0W-20 aka rubuta musu, mai tsinkakke kamar ruwa. Da yawa daga cikinmu idan muka gan shi sai mu ce wannan ba zai jure zafinmu ba, a kawo 20W-50 mai kauri. Hanyoyin da mai ke bi a cikin waɗannan injina sirara ne, na'urar da ke saita lokacin buɗe bawul kuma da matsin mai take aiki. Mai turbo ya fi shiga haɗari, domin sandar fankarsa a kan ɗan siririn mai take shawagi cikin zafin hayaƙi, jinkirin daƙiƙa kaɗan kafin mai ya isa gare ta ɓarna ce. Akwai kuma wata cuta ta ƙananan injina masu turbo da feshin kai tsaye, inda mai ke kamawa da wuta kafin fulogi ya ba da tartsatsi idan aka taka totur a ƙaramin juyi, abin da kan iya fasa fistin. Saboda ita aka fito da ma'aunin mai na API SN Plus a 2018, sannan SP a 2020. Duk mai wannan inji ya kamata ya nemi ɗaya daga cikin waɗannan alamomi a jikin galan, ya kuma saya a inda ya amince, don jabun mai ya yi yawa a kasuwa. Kuma kada ya jira kwamfutar mota ta ce lokacin juye ya yi, ya riga ta.

Fetur ma haka. A ƙa'ida duka biyun suna shan fetur na gama-gari. Amma wanda ya ga abin da ya faru a watan Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Beljiyam ya lalata motocin mutane a Legas da Abuja, ya san abin da ke rubuce da abin da ke cikin tanki ba kullum suke zama ɗaya ba. Balle wanda tafiya ta kama shi ya sayi na galan a bakin hanya. Famfon mai na matsi mai tsanani da nozul ɗin feshin kai tsaye ba sa haƙuri da datti ko ruwa, kuma kuɗinsu ba na wasa ba ne. Nozul ɗin mai 2.0 irin wanda kowane bakanike a Ƙofar Ruwa ko Panteka ya saba cirewa ya wanke ne. Yana da wata fa'ida kuma: tun da fetur yana bi ta bayan bawul kafin ya shiga silinda, kullum yana wanke shi. A injin feshin kai tsaye babu mai wanke wurin, baƙin gawayi yana taruwa a hankali har sai an buɗe an kankare.

Abu biyu kuma sun shafi motar ko da wane inji ta zo. Giyar CVT ba ta da haƙoran giya irin na otomatik ɗin da muka sani, bel ne na ƙarfe tsakanin faifai biyu masu matsewa da buɗewa, kuma manta na musamman ne, HCF-2. Wanda ya zuba mata jan man giya na yau da kullum ya fara ƙirga kwanakinta. Na biyu na'urar sanyaya ciki: kwandensar waɗannan motoci ta yi ƙaurin suna wajen yoyo har Honda ta ƙara mata garanti zuwa shekara goma a kan samfuran farko, iskar gas ɗin da take amfani da ita kuma sabuwa ce, R-1234yf, ta fi wadda aka saba da ita tsada. A garin da zafi ke haura digiri 40, wannan ba ƙaramin abin dubawa ba ne kafin a biya kuɗi.

Ni dai, da za a ajiye mini Civic ta 2019 guda biyu a ce in zaɓa don zirga-zirgar cikin gari, Sport ɗin nan da aka yi wa dariya zan ɗauka, in na samu mai giyar hannu ma ya fi. Tana da kyan da ake so, tana da na'urorin tsaro, an dawo mata da maɓallin rediyo, injinta kuma daga dangin K yake, wanda makanikanmu suka san ciki da wajensa tun zamanin Accord ta 2003. Nisan da za ta rasa a kowace lita abin ji ne tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ban raina shi ba, amma gyaran turbo ɗaya ko famfon matsi ɗaya zai cinye tsimin shekaru. Wanda kuma rayuwarsa a kan babbar hanya take, yau Abuja gobe Kano, yana da gidan man da ya yarda da shi da bakaniken da ke aiki da na'urar duba kwamfuta, mai turbo zai ba shi daɗin tuƙin da ɗayan ba zai ba shi ba, kuma doguwar tafiya ita ce ainihin maganin cutar injin. Kada dai ya dogara da bakin dillali wajen sanin wanne ne a gabansa. Lambar jikin mota da ke ƙasan gilashin gaba tana faɗa: a mota mai but da ƙofa huɗu, idan ka ga FC2 a cikinta mai 2.0 ce, idan FC1 ce mai turbo ce. Ya je da safe kafin a tayar da ita, ya zaro sandar gwada mai ya ga inda ya tsaya, ya shinshina, ya tambaya ko tamostat na nan.

Abokan hamayyar Honda ba duka ne suka bi ta wannan hanya ba a lokacin. Mazda3 ta 2019 ta zo Amurka da inji mai lita 2.5 marar turbo mai doki 186. Toyota, bayan ta daɗe da tsohon injinta mai lita 1.8 da doki 132 a Corolla, ta kawo mai lita 2.0 da doki 169 a samfurin 2020, shi ma babu turbo, kuma ta haɗa masa nozul iri biyu, na bakin ƙofa da na cikin silinda, don ta ci ribar kowanne. Honda ta ci gaba da injinanta biyu a zubi na goma sha ɗaya da ya fito a matsayin samfurin 2022, ta ɗaga mai turbo zuwa doki 180. Da lokacin kwaskwarimar wannan zubin ya zo a samfurin 2025, sai ta cire mai lita 1.5 daga dukan ajujuwan gama-gari a Amurka, ta bar shi a Si kaɗai. Gurbinsa ta ba wa inji mai lita 2.0 marar turbo haɗe da injin lantarki da batir, ƙarfinsu a haɗe doki 200, motar kuma ta sake lashe kambun motar shekara ta Arewacin Amurka a 2025. Ita ma nan da 'yan shekaru za ta fara sauka a Legas, da batirin da ya riga ya yi rabin rayuwarsa a wata ƙasa.